Saura Haƙori

Asuba a Arequipa, sanyi na gangarowa daga dutsen Misti.
Na murɗa makulli, tasi ta amsa da kacau-kacau
kamar tsakuwa a gwangwani,
daƙiƙa uku, ta yi tsit kamar ba ita ba.
Wata biyu ina ɗora wa sanyi laifi.

Hermelinda ba ta jira bayanina ba.
Ta kafa bakin sukudireba a murfin inji,
ta kara ƙotar a kunne, ta lumshe ido.
"Sarƙar taimin ta saki.
Yaushe rabonka da juyen baƙin mai?"
Na dubi takalmina.

Lagireto ya fita, fanbel ya bi shi.
Notuna ta jera a kwalin ƙwai, kowa da raminsa.
Tsohuwar sarƙa ta fi sabuwa tsawo
da abin da bai kai faɗin farce ba.
Robar da ke tokare ta kuwa ta cinye,
guntayenta na kwance a kaskon mai.

"Saura ƙiris ta tsallake haƙora,
fistin ya gwabji bawul,
ka sayar da motar a kilo."

Ta haɗa ɗigo da ɗigo, sama da ƙasa,
ta juya injin da hannu, zagaye biyu,
ta sake leƙawa.

Da yamma ta ce in tayar.
Babu kacau. Sai numfashi.
Na ƙirga mata kuɗin da na tara don rufin ɗaki.
Ta kama hannuna da yatsunta masu maiƙo
ta rubuta ranar juyen mai da biro.