Bishiya ta Goma Sha Bakwai

A gangaren dutse, sama da Almati,
tuffa arba'in ubana ya dasa.
Jajaye suke haifa tun ina goye.
Bana, ta goma sha bakwai daga bakin rijiya
ta miƙo reshe guda
ɗauke da 'ya'ya rawaya kamar man shanu.

Na ɗauka ƙishi ne, na ƙara mata ruwa.
Na zargi Sabirjan maƙwabcina
da yi mata aure a ɓoye,
ya rantse har da dafa ƙirji.

Ran Asabar Jansaya ta zo a motar haya,
warin ɗakin bincike bai bar rigarta ba.
Ta tsinki ɗaya, ta gatsa,
ta ce, "Baba, tuntuɓen alƙalami ne.

A cikin kowane tantani akwai igiya mai tufka biyu,
rubuce da haruffa huɗu kacal,
kowane harafi da abokin zamansa.
In tantani zai rabu biyu
sai a warware tufkar, mai kwafa ya bi layi
yana ajiye wa kowa nasa.
Sauri yake, ba ya shan ruwa.
In ya zame, yakan koma da baya ya kankare.
A bayansa ma akwai masu duba aiki.
Amma ko ɓarawo ya fi mai gadi haƙuri:
cikin miliyoyi bisa miliyoyi
harafi ɗaya kan sulale ya wuce su duka.
Tantanin da ya gaji kuskuren
bai san kuskure ba ne.
Gaskiya ya ɗauke shi, ya koya wa 'ya'yansa,
su ma suka koya wa nasu.
Ga reshenka."

Na ce, to sauran kurakuran fa?

"Yawancinsu ko tari ba sa yi.
Suna nan a jikina, suna nan a naka."

Iska ta gangaro daga ƙanƙarar tsauni.
Na gyara hula. Bakina ya riga ni:
"Mahaifiyarki fa?"

Ta daɗe tana juya guntun tuffar a tafinta.

Shekara uku ina ƙirga laifina da dare:
maganin feshin da na dama a tsakar gida,
murhun da ke hayaƙi ban gyara ba,
asibitin da na ce bari sai an gama girbi.
Gulbarshin ba ta taɓa cewa komai ba,
ta dai rame, kamar ana zare ta zare-zare.

"Ban san wanne ba, Baba. Ba mai iya sani.
Wani lokacin ba hayaƙi, ba guba,
hannun mai kwafa ne kawai ya karkace
a layin da ke ce wa tantani: ya isa, tsaya."

Ashe ƙofa ɗaya ce.
Ta nan sankara ta shigo mana,
ta nan zaƙin nan ya shigo.
Ban ce na gode ba. Ban kuma zagi kowa ba.

Da sanyi ya fara sakin ƙasa
na wasa wuƙar ubana,
na yanko tsirrai bakwai daga reshen,
na aura su a kan kututturan daji,
na ɗaure da tsohon ɗankwalinta, yage-yage.
Biyu sun bushe.
Sabirjan ya ce in sa wa irin suna.
Na ce sai sun haifa tukuna,
in ga ko za su riƙe kuskuren da aminci.