Takardar Marlys

Ranar Talata, kafin ƙanƙara ta toshe hanyoyin Duluth,
na ɓamɓaro takardar da kika bari a jikin firij,
rubutunki mai karkata kamar ciyawa a iska,
na tuƙa motar zuwa babban kantin nan
da ba a shiga sai da kati.

Yaron bakin ƙofa ya dubi hoton, ya dube ni.
"Baba, ai wannan ba kai ba ne."
Na ce na sani.
Shekara arba'in da ɗaya ina bin bayanki da amalanke,
ke ce mai katin.
Suka tsayar da ni jikin bango, suka ɗauki nawa hoton.
Na fito kamar wanda aka tasa daga barci.

Ciki kuwa, rufin can sama kamar na tashar jirgi,
kaya bisa kaya har wuya ya gaji da ɗagawa.
Ba a sayar da abu ɗaya tal a nan.
Komai da danginsa yake tafiya.

Kin rubuta: takardar bayan gida, babban ƙunshi.
Kin rubuta: ƙwai. Shinkafa.
Man zaitun, kwalba biyun da aka ɗaure wuya da wuya.
Batir, don daren da wuta za ta ɗauke.
Gishirin da ake watsa wa matakala.
Kofi, har kika ja masa layi biyu,
alƙalamin ya kusa huda takardar.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
"Kada ka sayi ayaba a nan, Orrin.
Takan yi baƙi ba mu ci rabi ba."

Ba mu.
Na tsaya a kan kalmar tsakanin sabulu da abincin karnuka
har wata mata ta ce in ɗan matsa mata.

Mai rabon ɗanɗano, da ragar gashi a kanta,
ta miƙo mini cuku a bakin tsinke.
"Ku nawa ne a gida?"
Na ce shida.
Gaskiya ce, sai dai ta tsufa da shekara talatin.
Tove tana Oregon, tagwaye sun bi aiki kudu,
autan ma sai ran Lahadi, ta waya.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Ƙwai sittin, baki ɗaya.
Buhun shinkafar nan zai ga bayana
ya kuma ciyar da masu zaman makoki.
Duk da haka na loda.
Na ɗauki gasasshiyar kaza daga can ƙurya,
ɗuminta a tafin hannuna har wurin biya.

A gida na baje komai kan teburin da kika ƙi a sayar.
Ta taga ina hango gidan Yesenia Quintero,
wadda ke aikin dare a asibiti,
da samarinta uku masu ci kamar wutar daji.
Na ware ƙwai arba'in, kwalba guda, rabin kaza,
na kwashi shinkafa a tukunyar miyarki,
na tsallaka titi a hankali, don santsi.

Ta ce nawa ne? Na ce mu raba kuɗin wata mai zuwa.
Ta ce to, amma ita za ta tuƙa,
ta ga yadda nake fitowa da baya.
Da magariba ƙaraminsu ya kawo wani abu na masara
naɗe cikin ɓawonta, da turiri.
Na ci har idona ya kawo ruwa.
Na ce masa yajin ne.

Abu ɗaya dai, Marlys:
na sayi ayabar.
Kwana biyu yaran suka gama da ita,
ko ɗaya ba ta yi baƙi ba.
Na mayar da takardarki jikin firij,
a ƙasan rubutunki na ƙara nawa, mai munin nan:
madara, galan huɗu.