Littafin Ma'aji

Kakana maƙeri ne, yana da Sarkin Maƙera.
In manomi ya karɓi garma ya hana kuɗi,
kafin la'asar magana ta zagaye maƙerun gari,
babu mai sake taɓa masa zugazugi.
Mu da ke ƙera abin da ba ya nauyi a hannu,
wa za mu kai wa ƙara?

Wata huɗu Lurwanu ya yi yana rubuta manhaja
don wani mai kemis a Ƙofar Ƙaura,
ta ƙirga magani, ta faɗi wanda ya kusa lalacewa.
Ranar biya mutumin ya leƙa bayan kwamfuta,
ya ce, "To, ina abin yake?"
Ya sallame shi da kuɗin babur da kwalin maganin ciwon kai.

A kan kwalin nan muka kafa ƙungiya.
Mu tara, a saman shagon mai ɗinkin labule,
benci biyu, fanka mai gurnani, janareton aro.
Muka yi musu kan suna har magariba.
Rumasa'u ta ce in ba a yanke farashin ƙasa ba,
to shayi kawai muka zo sha.
Aka yanke. Ni aka miƙa wa littafi,
wai hannuna ba ya yoyo.

Dubu biyu duk ƙarshen wata.
Mannir da sababbin takardu yake biya, don a gani.
Tasi'u kullum, "Ai na tura, sabis ne."
Dikko ya karya farashi a bayan idonmu,
ya ƙwace aikin makarantar da Basira ta fara nema.
Muka ci shi tara, ya yi yaji wata uku,
ya dawo ran da shi ma aka sha guminsa.
Ban ce masa uffan ba.
Shafinsa na buɗe, na tura masa biro.

Sai Jazuli.
Hanyar Dutsin-Ma, tayar gaba, dare.
Ƙafa a rataye, hannun dama cikin filasta.
Manhajarsa ce ke riƙe lissafin 'yan hatsi,
wa ya ajiye buhu, wa ya ci bashi, wa ya biya.
Ran da ta ƙafe, wayarsa ba ta huta ba ƙarƙashin matashi.
Babu wannan a kundinmu. Mun duba.
Muka raba dare kamar masu ban ruwa a fadama,
Basira bayan isha'i, Dikko tsakar dare,
ni na ɗauki kafin asuba.

Karanta aikin mutum shiga ɗakinsa ne ba ya nan:
ga inda ya share ƙal,
ga inda ya tura tarkace ƙarƙashin gado.
Can a layi na dubu da ɗari biyu da sittin
na tarar ya bar wa kansa saƙo:
"A nan na gaji. Gobe, in Allah Ya kai mu."
Kwanan watan na bara ne.
Ƙwaron yana nan ƙasa da shi,
kwance kamar kunama a gindin tulu.
Na murƙushe shi. Saƙon kuwa ban goge ba,
na dai ƙara layi ɗaya:
"Goben ta zo. Kwanta abinka."

Har yau ba mu da sarki.
Hatimin roba gare mu, tawadarsa ma ta fara bushewa.
Mai kemis ya aiko shekaranjiya, lissafi ya rikice masa;
muka aika masa farashi, da hatimi a kai, rabi a gaba.
Yana can yana shawara.

Wata biyar ke nan Jazuli bai taka benenmu ba,
amma a shafinsa babu gurbi ko ɗaya.
Mannir ya tambaye ni wa ke biya.
Na ce masa ma'aji ƙirga ya iya,
ba a ba shi littafi don ya yi surutu ba.
Dikko ya juya, yana gyara fankar da ba ta lalace ba.