Takarda a Cikin Hula

Habila ya zo da jijjifi,
takalminsa bai san laka ba,
ya ce, "Baba Zailani, ina lasisi?"

Na cire hula. Takardar na nan a leda,
ninki huɗu, hatimin ya soma gushewa,
hoton ciki ma ya fi ni ƙuruciya.

Ya karanto mini dokar:
ba a zuba guba a ruwa,
ba a jefa koma mai ƙanƙanen ido,
ɗan kifi a mayar.

Na ce, yaro, kawo hannunka.
Na zura yatsunsa uku a idon komata,
suka shige har da saura.
Haka tsohona ya auna mini a Gongola
tun ba a tare ta a Dadin Kowa ba,
shi da bai taɓa riƙe biro ba.

Takarda ba ta san
tarwaɗa na bin tana a daren duhu ba,
ko karfasa na kiwo gefen ciyawa.
Kurungu kuwa, ka damƙe shi da gaggawa,
ƙayarsa ta koya maka sunansa.

Amma bara wasu sun zo da dare,
da gidan sauro da gwangwanin magani.
Kwana uku ruwa na juyo mana farin ciki,
irin wanda ba ya sa dariya.
Shi ya sa na biya, ban yi musu ba.

Ya miƙo takarda, bai tafi ba,
idonsa na kan fatsata.
"Baba, yaya ake soka tanar?"
Na ce, cire takalmin tukuna.