Awon Hanji

Ƙarfe huɗu, duhu ya riga ya rufe Glasgow,
yayyafi na tsiyaya a tagar ɗakin fiɗa.
Dakta Kinnaird ta ce a auna.
Na kama bakin hanjin tunkiya,
Callum ya kama ɗaya bakin yana ja da baya,
ya wuce ƙofa, ya wuce famfon wanke hannu,
sai can gindin matakala na jiyo dariyarsa.
Taku talatin da 'yan kai
daga cikin dabbar da ba ta kai mini ƙugu ba.

Na kyanwa ko kamu biyar bai cika ba.
Mai cin nama ba ya doguwar shari'a da abincinsa.
Ciyawa ce mai gardama,
sai an zauna da ita, an ɗaga zama, an sake zama.

Ubana Tanimu, mahauci a kasuwar Giwa,
bai san sunan ko ɗaya da bakin Latin ba,
amma wuƙarsa ta san kowace ƙofa.
Yakan buɗe cikin sa ya ce, zo ki ga gida:
ga tumbi, babban zaure, shimfiɗe da bargo;
ga ɗan ɗakin nan mai zanen saƙar zuma,
inda ƙusa da waya ke maƙalewa;
ga mai shafi-shafi, littafin da kuka ɗauka
malamai kaɗai ke da shi;
na huɗu, can ƙurya, shi ne irin naki.

Abin da bai gani ba, gilashin nan ya nuna mini:
zauren cike yake da baƙi,
halittun da ido ba ya kamawa,
su ke dafa wa saniya ciyawarta.
Tana ba su masauki, suna ba ta ƙarfi,
daga baya ta haɗiye su har da ladarsu.

A tire na uku akwai kaza.
Ba a ba ta haƙori ba, sai ta ari tsakuwa.
Na tsaga ƙundun, na zube su a tafin hannuna,
'yan duwatsun wata gona ta Ayrshire,
sun yi sumul don niƙa.
Zomo kuwa sau biyu yake cin abu ɗaya,
cikin dare, ba ya gayyatar kowa.

Doki ne ya tsayar da ni.
Na lalubi bayan hanta, babu madaciya.
Dakta ta ce haka aka yi shi, ba ya ajiyar ɗaci,
kuma ƙofar tumbinsa shiga kawai ta sani.
Doki ba ya amai.
Duk abin da ya haɗiya, ko ya wuce ko ya kashe shi.

A bara, wata Laraba, ina tsaye daidai nan,
wayar Yaya Ladidi ta shigo.
Na ce to. Na ce Allah Ya jiƙansa.
Na mayar da safar hannu, na ƙarasa darasi.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Ba a dai faɗi ko cikin wa ba,
na doki ko na saniya.

A kwalbar da ke kan kanta akwai talibambam,
hanjinsa a naɗe kamar gammo.
Ranar da zai bar ruwa ya zama kwaɗo
sai hanjin ya gajarce, don abinci ya canza.
Shekara shida ke nan ina cin dankalin Turawa da hannun dama,
ban san abin da ya gajarce a jikina ba.

Mun naɗe na tunkiya, mun wanke tebur.
A bas, goshina a jikin gilashi mai sanyi,
muryar nan ta taso mini har maƙogwaro:
zo ki ga gida.
Ban mayar da ita ba.
Na yi ta tuƙa, a hankali, har Maryhill.