Baba Fansho

Daren Juma'a, saura awa guda a rufe zaɓe,
muna gaban shagon cajin Sallau a Ƙofar Ƙaura,
kowa ya duƙufa kan wayarsa
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Miliyan ɗari aka ba kowa,
kuɗin da ba sa sayen ƙullin gishiri,
amma a kansu Badamasi ya yi sati biyu bai gaishe ni ba.

Biyar da rabi suka rage mini,
da gurbi ɗaya a gaba.
Na ɗauki tsohon.

Bara waccan sha ɗaya ne kuɗinsa, sai mai ƙarfin hali.
Bana babban kulob ya sallame shi da tafi da hoto a bango,
ya koma wata ƙungiya ta bakin teku
wadda ko Sallau sai ya duba kafin ya faɗi sunanta.

Yaran suka kwashe da dariya.
"Kawu Tukur ya sayi Baba Fansho!
Talatin da bakwai fa, gwiwa ta sha wuƙar likita sau uku,
minti ashirin za a ba shi, na girmamawa.
Ga ɗan sha tara nan yana gudu kamar an biyo shi bashi."

Ban tanka ba. Lissafina daban.
A can shi ne na uku a layin fenareti,
a nan wa zai karɓi ƙwallo a hannunsa?
Ƙafa ta mutu, na yarda.
Amma ƙwallo tana da inda take faɗowa,
shi kuwa shekara ashirin yana zuwa wurin kafin ta iso.

Abin da ban gaya musu ba:
shekara ashirin da shida na yi a shagon Alhaji Abashe
kusa da Ƙofar Soro, ina surfani,
har ranar da aka sauke inji mai kwamfuta
da ke gama aikin kwana ukuna kafin la'asar.
Ba a kore ni ba. Kujerata kawai aka matsar bakin ƙofa.
Na naɗe almakashina a tsumma
na koma rumfar Lawandi a Sabuwar Unguwa,
inda fanka ɗaya ce, ita ma sai an tura ta da kara.

Asabar, gidan kallo, naira ɗari biyu.
Yana benci har minti na sittin da takwas,
ya lulluɓe gwiwa da bargo.
Da ya shigo, tafiya yake, yana nuna wa yara wuri da yatsa.
Tamanin da tara aka bugo kwana.
Kowa ya yi tsakiya, shi ya sulale baya shi kaɗai,
ƙwallo ta zo ta same shi kamar sun yi alkawari.
Ya sa kai.
Ƙarfe.
Har a Katsina na ji ƙarar turken nan a haƙorina.

Maki ɗaya.
Badamasi saba'in da ɗaya, ni arba'in da uku,
ranar ce ma ya gaishe ni, har da tambayar iyali.

Litinin da safe kuɗinsa ya sauka biyar da huɗu,
dubban mutane sun sayar cikin dare.
Wayar ta tambaye ni ko zan bi su.
Babban yatsana na rawa a kan gilashi
sai ga wani da shaddar aure, yadi goma, mai tsadar gaske.
Yaran rumfa uku suka kalli juna, ba mai taɓa almakashi.
Lawandi ya ce, "Kawu, zo ka yanka."

Na kife wayar kan keken ɗinki.

Sati mai zuwa a gida za su buga,
da wasu masu baya kamar rariya.
Na ba shi kyaftin. Kada a gaya wa Badamasi.