Ƙwai Mai Ƙaya

Ƙarfe sha ɗaya a Lagdo.
An ɗauke wuta, ga madatsar ruwa ina hango ta ta taga.
Na jawo madubin awo bakin rana
kamar mai shanyar kifi.

Mati ya shigo da ɗansa Ilu,
ƙaurin banda na bin rigarsa.
Kwalbar da na ba yaron tana hannun uban,
ya riƙe ta nesa da jiki,
jaja-jaja, kamar zoɓon da aka surka.

"Ni ba ciwo na kawo maka ba," in ji shi.
"Uwarsa ce ta hana ni barci.
Wane ɗan masunci ne bai yi tsargiya ba?
Alamar namiji ce.
Na yi, ubana ya yi."

Ban tanka ba.
Na bar fitsarin ya kwanta,
na ɗebo ɗigo guda daga gindi,
na ɗora a gilashi, na murza kunnen madubi
har hazo ya waye.

Ga su nan birjik.
Dogaye kamar 'ya'yan guna,
kowanne da ƙaya ɗaya a wutsiya.
Na ƙirga hamsin, na ajiye alƙalami.

"Zo ka leƙa."
Ya goge hannu a cinya,
ya rufe idon da ya kamata ya buɗe,
Ilu ya ƙyalƙyale, ya harare shi, ya sake.
Shiru.
Ana jin injin wani kwalekwale can gaɓa yana tari.

"Wannan ai ƙwai ne."
Masunci ba a koya masa ƙwai.
"Na wane kifi?"

Na ce ba kifi ba ne, tsutsa ce,
mace da namiji rungume da juna
cikin jijiyar da ke kewaye mafitsara.
Ƙayar nan da ka gani, da ita ƙwan ke keta hanya,
jinin nan kuɗin fito ne yaro ke biya.
In ya faɗa tafki ya ƙyanƙyashe,
ya yi zango cikin katantanwa,
ya fito ya huda fatar mai wanka,
ba zafi, ba sallama.

Mati ya zauna a benci.
"Shekara talatin ina sa wa ruwa ƙugiya,
ashe shi ma ya sa mini tasa."

Jainabu ta tsayar da Ilu jikin sandar awo,
ta danna gashinsa da tafin hannu:
ƙwaya biyu da rabi.
"A sayo masa ƙosai da kunu tukuna,
maganin ba ya son ciki wayam."
Ya haɗiye yana yamutsa fuska,
ɗaci ya fito masa ta ido.

Takarda ta ce in gaya musu su guji tafki.
Na gaya musu.
Mati ya dube ni duban mai tausayi:
"Malam, ka taɓa hana manomi gona?"

Ban ba shi labarin kawuna Jatau ba,
da ya ƙare a gadon asibitin Garwa
da roba a mara, yana neman gafarar masu wanke shi.
Shi ma namiji ne tun yana shekara tara.

Na rubuta a rajista: Ilu, goma sha ɗaya, fiye da hamsin.
Masu bincike za su zo daga Yawunde bayan damina
su kwashi lambobina su yi taswira.
A taswirar ba a jin ƙaurin banda.

Sun kai ƙofa.
Ilu ya riga ya yi gaba, takalmi a hannu.
Uban ya tsaya, ya waiga ko Jainabu na ji,
ya dawo, ya rage murya:

"Akwai sauran kwalba?"